BABI NA UKU: ZAƁEN KAURIN WAYA WAJEN NAƊA RISHON LANTARKI

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ake zaɓen kaurin wayar da ake naɗawa a rishon lantarki, irin wanda ake girki da shi a garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi. Manufar babin ita ce a nuna cewa kaurin waya da tsawonta abu ne na lissafi, domin a kansu ne ƙarkon risho da lafiyar mai amfani da shi suka dogara.

3.1 Irin Wayar da Ma'auninta

Ba a naɗa risho da wayar tagulla, saboda wuta tana ratsa ta a sawwaƙe. Wayar da ta dace ita ce mai turjiya, wato wadda take yi wa wuta tirjiya har ta yi ja. Fitacciya a cikinsu ita ce nikurom, haɗin ƙarfen nikel da kuromiyam, wadda Albert Marsh ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1906. Akwai kuma Kanthal ta ƙasar Suwidin. Waɗannan wayoyi biyu suna daga cikin waɗanda ake naɗawa a cikin sigarin lantarki a yau, bisa ƙa'ida iri ɗaya.

Ana auna kaurin waya da lamba, kuma gwargwadon hawan lamba gwargwadon sirantar waya. Sai dai ma'aunin iri biyu ne. A ma'aunin Ingila, wato SWG, lamba 22 tana da kaurin milimita 0.71, amma a na Amurka, wato AWG, milimita 0.64 ce. Don haka dole mai saye ya tantance wane ma'auni aka rubuta a jikin ƙunshin.

3.2 Yadda Ake Lissafi

Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne. Bisa dokar Ohm ta shekarar 1827, rishon da zai ba da wat 1,000 yana bukatar turjiya ta kimanin om 53. Ana iya samun wannan turjiya da kowace lamba, tsawon wayar ne kawai zai bambanta. Ga misali da nikurom a ma'aunin SWG:

(a) Lamba 22: kimanin mita 19.
(b) Lamba 24: kimanin mita 12.
(c) Lamba 26: kimanin mita 8.

Dukkansu zafi ɗaya za su fitar, amma ba ƙarko ɗaya gare su ba. Fatar waya mai lamba 26 ba ta kai sulusin ta mai lamba 22 ba, saboda haka zafin yakan taru a ɗan ƙaramin wuri, wayar ta yi ja fiye da kima, ta tsinke da wuri. Mai kauri kuwa tana baza zafin, sai dai ta fi tsada, kuma ba lallai ta shiga kwarmin faifan yumɓun da ake kwantar da ita a ciki ba. Aikin mai gyara shi ne ya zaɓi mafi kaurin wayar da faifan zai iya ɗauka.

3.3 Matsalar Ƙarancin Wuta

A yankunan karkara sau da yawa wuta ba ta zuwa da cikakken ƙarfinta. Idan ta sauko zuwa bolt 180, rishon wat 1,000 ba zai ba da abin da ya wuce kimanin wat 610 ba, sai girki ya yi nawa. Wannan kan sa a gutsure wayar don ta ƙara zafi. Haka kuma idan ta tsinke akan yar da guntun a ɗaura sauran. Duk waɗannan suna rage turjiya. Idan aka cire sulusin wayar, ranar da wuta ta dawo bolt 230 rishon zai ja kusan wat 1,500. A nan ne soket yakan narke, wayar ɗaki ta ɗauki zafi, har a kai ga gobara.

3.4 Naɗewa

A taƙaice, an ga cewa siririyar waya tana da araha amma ba ta jimawa, kuma gajarta waya don maganin ƙarancin wuta gyaran gangar auzinawa ne. Babi na gaba zai duba kayan aikin da masu gyara suke amfani da su wajen auna turjiya kafin su miƙa risho ga mai shi.