Toka da Dalma a Cikin Bututun Bindiga

Mafarautan Anka da Gummi da Bukkuyum sun daɗe da sanin cewa ba a barin sabuwar bindigar toka ta kwana da daudarta. Dalili kuwa shi ne, idan albarushi ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa toka yake zama. Wadda ta manne a bututu takan zuƙi danshin iska, musamman da damina, sai ƙarfen ya yi tsatsa. Shi ya sa ake wanke bututun da ruwan zafi, a busar, a shafa mai.

To amma akwai haɗarin da ido ba ya gani. Harsashin dalma yakan bar ɓurɓushi a bututu, daga nan ya koma tsumma da hannu. Jiki yakan ɗauki dalma tamkar sinadarin kalsiyam, har ta kai ƙwaƙwalwar yaro ta lalata ta. A shekarar 2010, ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Saboda haka, a goge bindiga nesa da yara da abinci, sannan a wanke hannu da sabulu.