Habenaria

Habenaria jinsi ne na tsirran ƙasa daga dangin okid, wanda masana ke kira Orchidaceae. Yana da nau'o'i fiye da 800 a Afirka da Asiya da Amurka, kuma da yawa daga cikinsu a fadamu da wurare masu dausayi suke fitowa.

Asalin suna

Masanin tsirrai Bajamushe Carl Ludwig Willdenow ne ya raɗa wa jinsin wannan suna a 1805. Ya samo shi daga kalmar Latin "habena", wato igiyar linzami, saboda sassan furen dogaye ne sirara. A da ana lissafa okid masu geza na fadamun Amurka ta Arewa a cikinsa, amma yanzu suna ƙarƙashin jinsin Platanthera.

Yadda ake gane shi

Furen ne babbar shaida, domin ganye kaɗai yana iya ruɗar mutum. Furannin farare ne ko koraye, a jere a saman kara ɗaya. Ɓangaren furen na ƙasa, wanda ake kira leɓe, yakan rabu gida uku, a wasu nau'o'in kuma gefensa a tsattsage yake kamar geza. A bayan leɓen akwai siririn bututu mai ɗauke da ruwan zaƙi, wanda ƙwarin dare masu dogon baki ke tsotsa. A cikin ƙasa yana da saiwa mai kauri kamar tumuku. Da rani karan yakan bushe, saiwar ta sake tohowa da damina.

Masu kama da shi

Baurere ma yana da saiwa mai kauri kuma da damina yake fure, sai dai furensa ja ne da rawaya, yana kuma hawa wasu tsirrai da ƙarshen ganyensa. Saiwarsa tana da dafi mai kisa. Albasar kwaɗi kuwa gindinta ɓawo-ɓawo ne kamar albasa, furenta babba ne, ba shi da leɓe.

Inda yake fitowa

A Najeriya ana samun nau'o'i irin su Habenaria zambesina a cikin ciyayi masu jiƙa. A Jihar Sakkwato, yankin kudu, wajen Tambuwal da Kebbe, ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama. Fadamun da ba a nome ba a can su ne suka fi dacewa a duba, daga Yuli zuwa Satumba.

Barazana

Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, kuma ba ya tsirowa sai da taimakon wani naman gwari da ke cikin ƙasa. Saboda haka shuka shi a gida yana da wuya, kuma idan aka nome fadama yakan ɓace. A Zambiya da Tanzaniya haƙar saiwar okid domin abincin da ake kira chikanda ta rage yawansu ƙwarai. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta taƙaita cinikin okid tsakanin ƙasashe. Domin tantance nau'i, hoton furen daga gaba da gefe ya fi tumɓuke tsiron amfani.