Daga Ƙunci Zuwa Yalwa: Lafuzzan Ceto a Ibraniyancin Dā

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Yau za mu yada zango ne a ƙasar Kan'ana ta dā, tsakanin Kogin Urdun da Bahar Rum, domin mu duba irin lafuzzan da Bani Isra'ila suka riƙa ambaton ceton Ubangiji da kiyayewarsa da su a lokacin tsanani, a cikin harshensu na Ibraniyanci, wanda da shi aka rubuta littattafan da Yahudawa ke kira Tanak, Kiristoci kuma suke kira Tsohon Alkawari, in ban da wasu sassa na littafin Daniyel da na Ezra waɗanda suka zo da Aramiyanci.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami ya karanci sarafu, ba zai ji baƙunta a wannan fage ba, domin Ibraniyanci ɗan'uwan Larabci ne na jini, kuma galibin kalmominsa daga asali mai harafi uku suke tsirowa. Hasali ma a ƙarƙashin inuwar nahawun Larabci malaman Yahudawa suka tsara ilmin harshensu: Yahuda ibn Kuraish, mutumin Tahart a ƙasar Aljeriya ta yau, ya aika wa Yahudawan Fas wata risala yana gwama Ibraniyanci da Aramiyanci da Larabci, Yahuda Hayyuj ya tabbatar da ƙa'idar haruffa uku a Ƙurɗuba wajen shekara ta 1000, Ibn Janah kuma ya biyo bayansa da ƙamusunsa Kitabul Usul, kuma dukkansu da Larabci suka yi talifi.

To, me ya sa harshen wannan al'umma ya wadata da lafuzzan kuɓuta haka? Dalilin yana ga mazauninsu, domin ƙasarsu 'yar ƙarama ce da ta faɗo a kan hanyar da rundunonin Masar da na daulolin Iraƙi ta dā suke bi in za su gwabza da juna. A shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Assuriyawa suka ci Samariya suka kwashe mutanenta. A 701 Sarki Sennakerib na Assuriya ya ƙwace garuruwan Yahuza masu ganuwa, waɗanda rubutun fadarsa ya ƙidaya su 46, ya tsare Sarki Hezekiya a Urushalima, amma ya juya bai shiga birnin ba. A 586 Buhtanasar na Babila ya rushe birnin da Haikalinsa ya tafi da manyansa bauta, ba su kuwa sami iznin komowa ba sai bayan da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539. Mutanen da suka sha wannan, dole bakinsu ya san bambancin wanda aka fizgo da wanda aka fanso da wanda ya tsira da ƙafarsa.

Lafazin da ya fi kowanne shahara shi ne hoshiya, wato ya ceta, da sunan da aka ciro daga gare shi, yeshu'a, wato ceto. Daga wannan asali sunan Yusha'u ya fito, da na Ishaya, da na Alyasa'u, kuma kalmar hosanna da ake ji a majami'u asalinta kiran neman agaji ne daga wannan tushe. Abin lura shi ne, tun kafin ya zama lafazin ibada, kira ne na wanda aka zalunta a gaban mai iko, domin da shi wata mace daga Tekowa ta ɗaga murya gaban Sarki Dawuda, da shi kuma wata mata ta yi kururuwa ga sarkin Isra'ila lokacin da yunwa ta gallabi Samariya saboda ƙawanya. Ashe mai ceto a wurinsu shi ne wanda ya ji ƙarar marar gata ya tsaya masa. Maƙwabtansu ma sun san lafazin, domin a kan wani dutse da aka gano a Diban ta ƙasar Urdun a 1868, wanda yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Faransa, Mesha sarkin Mowab, wanda sunansa kansa daga wannan asali yake, ya jingina kuɓutarsa daga abokan gaba ga abin bautarsa Kemosh.

Malaman lugga na dā sun daɗe suna danganta wannan asali da wasi'a ta Larabci, wadda ke nufin yalwa, har dai wani masani mai suna John Sawyer ya fitar da littafi a 1972 a kan lafuzzan ceto na Ibraniyanci, inda ya ƙi yarda a rataya ma'anar kalmar a kan wannan dangantaka, tunda tsofaffin sunaye na kudancin Larabawa suna nuna wani harafi dabam. A ganina yana da hujja, amma ko an janye wannan nasaba, surar da ke zukatan mawaƙan Zabura tana nan daram, domin wahala a bakinsu tsara ce, ma'ana matsi da ƙunci, irin na mutumin da aka rutsa a kwazazzabo babu gaba babu baya, fita daga cikinta kuwa shiga merhab ce, wato fili mai faɗi. Wannan merhab ɗin asalinta ɗaya da marhaban ta Larabci, wadda mu Hausawa muka ara muka mai da ita maraba, don haka duk wanda ya tari baƙo da maraba, yalwar wuri yake yi masa albishir da ita ko bai sani ba.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, lafazi na biyu ya fito ne daga bakin makiyaya, shi ne hitsil, wato ya fizge, ya ƙwato abu daga hannun wanda ya riƙe shi. Littafin Sama'ila ya ruwaito cewa da Dawuda, yana saurayi, ya nemi Sarki Ɗalutu ya bar shi ya fuskanci Jaluta, hujjar da ya kawo ita ce ya sha ƙwato ɗan rago daga bakin zaki da na dabbar beyar yana kiwon garken mahaifinsa, kuma wanda ya kuɓutar da shi a can zai kuɓutar da shi a nan. Wannan ita ce fuskar lafazin mai daɗin ji, yana kuwa da wata fuskar mai ɗaci wadda ba a cika ambatonta ba. A shari'ar Attaura, in an ba mutum kiwon dabba sannan naman daji ya kashe ta, sai ya kawo abin da ya rage na gawar ya zama shaida, ba za a ci shi tara ba. Amos, makiyayi daga Tekowa wanda ya yi wa'azi a ƙarni na takwas kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗauki wannan hukunci ya jefi attajiran Samariya da shi, ya ce musu ceton da za su samu bai wuce na tunkiyar da aka ƙwato ƙafafunta biyu ko guntun kunnenta daga bakin zaki ba. Ku duba fa, lafazin ceto ne ya yi amfani da shi, amma abin da aka ceto shaidar mutuwa ce kawai. Wanda ya iya sarrafa kalma haka ya san masu sauraronsa sun mai da ita matashin barci.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa zuciya, kuma daga hukuncin zumunta ya fito. Go'el shi ne dangi mafi kusa wanda nauyin ɗan'uwansa ya hau kansa: in talauci ya sa mutum ya sayar da gonar gado, go'el ne zai saye ta ya mai da ita gida, in ya sayar da kansa bauta saboda bashi, shi zai biya ya fito da shi, in an kashe shi, shi ne waliyyin jini, abin da ya sa aka keɓe garuruwa shida na mafaka domin wanda ya yi kisa bisa kuskure. Labarin Rut da Bo'aza gaba ɗayansa a kan wannan hukunci ya ginu. Amma misalin da ya fi ban mamaki na Irmiya ne, domin a daidai lokacin da rundunar Babila ta kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare a farfajiyar dogarai, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa da ke Anatot tunda haƙƙin fansa nasa ne. Irmiya ya auna masa shekel 17 na azurfa, ya rubuta takarda gaban shaidu, ya umarci magatakardansa Baruk ya sa ta a tukunyar ƙasa don ta daɗe, alhali gonar tana ƙarƙashin ƙafar abokan gaba. Sa'an nan da aka tafi bauta, aka rasa ƙasa da sarki da Haikali, babu wani dangi da ya rage mai ikon fansar kowa, sai surorin ƙarshe na littafin Ishaya suka riƙa kiran Ubangiji da wannan suna na go'el a kai a kai, Ayuba ma a tsakiyar jinyarsa da shi ya kira wanda yake sa ran zai tsaya masa. Wannan magana ce mai nauyi, domin ma'anarta ita ce sun ɗauki ceton a matsayin alkawarin da aka ɗaure, irin wanda dangi ba ya iya zamewa daga gare shi.

Kusa da shi akwai pada, 'yar'uwar fidiya ta Larabci, wato fansa da biyan kuɗi, kuma har yau Yahudawa masu riƙo da addini suna fansar ɗan fari namiji da azurfa biyar daga hannun wanda ya fito daga zuriyar Haruna, in ya cika wata guda. Fansar kamammu kuwa sun ɗauke ta cikin manyan ayyukan lada, kuma takardun da aka kwaso daga ma'ajiyar majami'ar Ben Ezra a Fusɗaɗ ta Masar, waɗanda Solomon Schechter ya kai da yawansu Kambirij a 1897, sun nuna cewa farashin da aka saba biya shi ne dinari 100 a kan mutum uku, har da wasiƙun Musa bin Maimun, wanda ya rasu a 1204, yana neman gudummawa domin wannan aiki.

Duk waɗannan maganar fitarwa daga wahala suke yi, amma akwai lafuzzan da ke maganar tsarewa a cikinta, wato shamar da natsar, aikin mai gadi a kan ganuwa ko a gonar inabi. Kada kamannin sauti ya ruɗe mu mu zaci natsar ita ce nasara, domin danginta a Larabci shi ne nazar, wato dubawa, inda muka sami kalmar nazari. Zabura ta 121, wadda take cikin waƙoƙin masu haurawa Urushalima ziyara, ayoyi takwas ce kacal amma asalin shamar ya zo a cikinta sau shida. A shekarar 1979 kuma, wani mai binciken kufai, Gabriel Barkay, ya gano wasu 'yan faifan azurfa biyu a naɗe a cikin wani kabari a Ketef Hinnom, gefen Urushalima, waɗanda aka yi su wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa, babban cikinsu bai wuce santimita goma ba bayan an warware shi, kuma a jikinsu an zana addu'ar albarka ta firistoci wadda ke cikin Littafin Ƙidaya, da wannan lafazi na kiyayewa a ciki. Abu ne da ake ratayawa kamar yadda muka san laya, kuma ana lissafa shi cikin mafi daɗewar abin da aka samu na nassin Attaura. Masu su dai sun mutu an binne su da su, birnin kuma bai daɗe ba ya faɗi.

Wannan ne ya kawo mu ga lafazin da nake ganin shi ne mabuɗin sauran, wato she'erit, ragowa, da abokinsa peleta, waɗanda suka tsira. Da su Yusufu ya yi wa 'yan'uwansa bayani a littafin Farawa, cewa an gabatar da shi Masar ne domin a rage musu iri a bayan ƙasa, alhali rijiya da bauta da kurkuku duk sai da ya ɗanɗana su, yunwar shekara bakwai kuma sai da ta zo. Ishaya ma ya raɗa wa ɗansa suna Sheyar Yashub, ma'ana ragowa za ta komo, suna mai ɗauke da bushara da gargaɗi a lokaci guda. Yahudawan Turai da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, suka taru a sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus bayan 1945, da waɗannan kalmomi biyu a haɗe suka kira kansu. Don haka duk mai wa'azin da ya ɗauko waɗannan littattafai ya ce sun yi wa mumini alkawarin ba zai ga tsanani ba, ya faɗi abin da lafuzzan ba su faɗa ba, haka nan wanda ya mai da kowane ceto a cikinsu maganar Lahira, ya manta cewa masu maganar yunwa da bashi da takobi ne a gabansu.

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi ɗawainiya da shi tare da abokan aikinsa, masu karatu suna haɗuwa da ceto da fansa da kuɓuta da kiyayewa a shafuffukansa. Ga mai sauraron da yake da shi a gida, Kirista ne ko Musulmi mai sha'awar ilmi, in ya iske ɗaya daga cikin kalmomin nan, to ya dakata ya duba wane ne ke magana, wace wahala ce ta same shi, kuma me ya rage masa bayan ta wuce.