Waya da Layi: Shirin da Ɗan Kasuwar Zariya Zai Yi Kafin Ya Ƙetare Iyaka

Wanda ya ratsa kasuwar Sabon Gari, ya bi shagunan bakin titin Samaru har ya gangara Basawa, zai ga kayan da suka sha doguwar tafiya kafin su hau kanta: abaya da turare daga Dubai da Jidda, kayan sola da na wuta daga Guangzhou, takalma da mayafai daga Istanbul da Alƙahira. Da yawa masu shagunan ne, maza da mata, suka je da ƙafarsu suka zaɓo. Ga kuma malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ke fita taro ƙasashen waje. Kowannensu ya san hidimar biza da tikiti da canjin dala. Waya da layi kuwa sai a bar su sai daren tafiya, alhali da su za a yi ciniki, a biya kuɗi, a kira gida.

Tun da GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, lambar waya ta tashi daga abin kira kawai. Da ita aka buɗe asusun banki, ita ke haɗe da BVN da NIN, ita ke kan WhatsApp, ita ce a rubuce a allon shago. Don haka shawarar da ta fi dacewa da matafiyi guda ce: ya riƙe layinsa na gida a kunne don saƙon banki, ya nemi data a inda ta fi araha. Sauran zaɓi duka a kan wannan suke hawa.

Me ke faruwa da layi idan ya bar gida?

MTN da Airtel da Glo da 9mobile, wanda ya koma T2 a 2025, ba su da turakun sabis a Jidda ko Guangzhou. Idan jirgi ya sauka aka kunna waya, sai ta nemi sabis ɗin wani kamfani na can wanda ke da yarjejeniya da kamfaninka. Wancan ya tambayi na gida ko ya san layin, idan aka amsa masa sai ya buɗe maka hanya, daga baya ya aika da lissafi. Wannan shi ne romin. Kamfanoni biyu ne ke cin riba a kan kira ɗaya, kuma da kuɗin waje suke biyan juna, shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi tsadarsa ke ƙaruwa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, a romin har kiran da aka yi maka kana biya idan ka ɗaga. Karɓar saƙon tes kuwa a mafi yawan tsare-tsare kyauta ne, kuma shi ne abin da ɗan kasuwa ya fi buƙata, domin ta nan lambar OTP da alat na banki ke shigowa. Babban mai cinye kuɗi ita ce data. Waya na iya kama sauke hotunan zaurukan WhatsApp da sabunta manhajoji tana cikin aljihu, kafin mutum ya karɓi jakarsa kuɗin layin sun ƙare. Maganinsa a kashe datar romin a layin gida tun kafin jirgi ya tashi daga Kano ko Abuja, sai dai idan an sayi ƙunshin romin na musamman.

A kula kuma da lambobin nan masu tauraro da ake dannawa a tura kuɗi, domin sau da yawa ba sa tafiya a waje. A sauke manhajar banki, a shiga, a gwada tura ko da naira ɗari ce tun ana Zariya, inda reshen banki ke kusa idan wani abu ya cije. Mai doguwar tafiya kuma ya sani layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba ana iya dakatar da shi, idan ya daɗe a haka a ba wani lambar.

Wace waya?

Tsada ba ita ce ma'auni ba. Abu huɗu ake dubawa.

Na farko, kada ta zama a kulle. Da yawa daga wayoyin kwance da ake shigowa da su daga Amurka da Ingila an saye su ne bashi daga wani kamfanin layi, shi kuma ya ɗaure su da layinsa. Wasu masu gyara kan saka ɗan siririn faifai a ƙarƙashin sim don wayar ta karɓi layin Najeriya, amma da an canza sim sai ta koma gidan jiya. A gaban mai shago, ko a Sabon Gari ne ko a Farm Centre ta Kano, ka saka layuka biyu na kamfanoni daban-daban ɗaya bayan ɗaya, ka yi kira da kowanne, ka buɗe intanet. Idan iPhone ce, akwai wurin da take nuna ko an ɗaure ta a shafin bayanin waya cikin saiti. Ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta fito da wadda ke jikin kwali.

Na biyu, ta ɗauki layi biyu. A nan Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, sun daɗe da sanin halinmu, haka ma yawancin Samsung da Redmi da ake sayarwa a nan. Layi na biyun yana iya zama eSIM, wato sim ɗin da aka gina a cikin waya, wanda ake ɗora masa layi ta hanyar ɗaukar hoton wata alama. Idan ka danna *#06# ka ga wata doguwar lamba mai suna EID, wayarka tana da shi. iPhone ta fara zuwa da shi a 2018. Sai dai tun daga iPhone 14 ta 2022, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sim ko ɗaya. Wanda ya sayi irinta sai ya je ofishin kamfaninsa an mayar masa da layinsa eSIM kafin ya tafi.

Na uku, zangon da take kamawa. Sabis ɗin waya igiyar rediyo ce, kuma kamar yadda akwatin da ba shi da gajeren zango ba zai kamo tashar da ke can ba, haka waya ba ta kama zangon da ba a gina ta da shi ba. 4G na Najeriya ya fi tafiya a kan zango na 3 da 7 da 20 da 28, kuma ukun farko su ne na yawancin Turai. Amurka na amfani da wasu daban, irin su 2 da 4 da 12 da 66. China Mobile ya fi dogara da 38 zuwa 41. A rubuta sunan waya a intanet, jerin zangonta zai fito. Ƙaramar waya mai tocila kuwa kada a dogara da ita ita kaɗai: Singafo ta rufe 2G tun 2017, manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022.

Na huɗu, manhajojin Google. Wanda ya je Sin ya ga waya da araha ya tambaya da kyau, domin wadda aka yi don kasuwar cikin gida sau da yawa ba ta zuwa da Play Store. Sababbin Huawei ma tun takunkumin Amurka na 2019 ba sa ɗauke da shi, kuma wasu manhajojin banki ba sa aiki sosai ba tare da shi ba.

Kowace ƙasa da halinta

A Sin, WhatsApp da Facebook da Gmail da taswirar Google duk a toshe suke ga mai layin ƙasar ko Wi-Fi na otal. Amma datar romin tana bi ne ta kamfanin gida kafin ta fita intanet, don haka mai layin waje yakan buɗe su ba matsala. Wannan ne wurin da ƙunshin romin ko eSIM na matafiya ke biyan kuɗinsa. Duk da haka, ciniki a can da WeChat ake yinsa. A baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Oktoba, da ka tsaya a rumfa ka ɗaga samfuri, mai kayan zai miƙo wayarsa ka ɗauki alamarsa, nan take hotuna da farashi su fara shigo maka, manhajar tana fassara muku. Biyan kuɗin tasi da abinci ma da WeChat ko Alipay ne, kuma tun 2023 sun sauƙaƙa haɗa katin bankin waje. A buɗe su tun daga gida, lokacin da saƙon tabbatarwa ke shigowa ba wahala. A tuna kuma Sin ta riga mu da awa bakwai: lokacin da kasuwar can ta buɗe, mutanen Samaru ba su yi asuba ba.

A Dubai kamfanoni biyu ne, Etisalat da du. Saƙon WhatsApp da hoto da muryar da aka naɗa suna tafiya, amma kiran murya da na bidiyo a toshe yake a layukan ƙasar. Mai son nuna wa abokin ciniki kaya kai tsaye daga Deira sai ya nemi manhajar da aka amince da ita, irin Botim, ya kuma sa na gida su sauke ta kafin ya tafi.

A Saudiyya akwai STC da Mobily da Zain, kuma ana sayen layi da fasfo da zanen yatsa. Mai haɗa Umara da saro kaya yana buƙatar data mai kyau, domin izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nemansa. Kada a karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wani a bakin titi, komai araharsa.

A Turkiyya, wayar da aka shigo da ita daga waje aka saka mata layin ƙasar, ana toshe ta bayan kwana 120 idan ba a yi mata rajista an biya haraji ba. Mai mako biyu ba ruwansa, amma mai yawan komawa ya sa lissafi.

Maƙwabta ma ƙasar waje ce a wajen layi. Wanda ya bi Funtua da Katsina ya fita ta Jibiya zuwa Maraɗi ya shiga romin, ko da layinsa Airtel ne ya kuma hau Airtel na Nijar. MTN ba ya Nijar, inda ake da Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms. ECOWAS ta amince da dokar rage kuɗin romin tun 2017, Gana da Kodebuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu a 2023, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ga mai zuwa Maraɗi a kai a kai, layin Nijar na dindindin ya fi masa sauƙi.

To wane layi?

Layin da ke haɗe da bankinka shi ne layin tafiyarka. Ka kira 300, lambar kula da masu hulɗa ta dukkan kamfanonin, ko ka je ofishinsu, ka yi tambaya uku: an buɗe wa layina romin? Da wane kamfani kuke aiki a ƙasar da zan je? Nawa ne ƙunshin data na can, kuma kwana nawa yake yi? Farashi yana canzawa, don haka amsar da aka ba abokinka bara ba taka ba ce.

Sannan ka auna tsawon tafiya. Kwana uku zuwa biyar, ƙunshin romin ko eSIM na matafiya irin na Airalo ya isa, sai dai yawancinsu data ce kawai ba lambar kira, da kuɗin waje ake biya, kuma gara a saya kafin a tashi, tunda akwai ƙasashen da ke toshe shafukan masu sayar da su. Idan za a kai mako biyu, ko ana buƙatar kiran direba da dillali da mai kago, layin ƙasar ya fi. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da lambarka ta Najeriya ko da sim ɗin can ne ke ba shi data. Idan ya tambaya ko za ka canza lamba, ka ƙi, don kada kwastomomi su neme ka su rasa.

Wuta da tsaro

Soket ɗin Dubai da Saudiyya irin namu ne mai ƙafa uku, amma Nijar da Turkiyya mai ƙafa biyu zagayayyu suke amfani da shi, Sin kuma nata daban, don haka adafta ɗaya ta shiga jaka. Fawabank a jakar hannu ake riƙe shi, ba a auna shi cikin kaya, kuma iyakarsa 100Wh ba tare da izini ba. Mai 20,000mAh yana wajen 74Wh, ya wuce lafiya, amma manyan nan da muke saye saboda rashin wuta ana iya karɓe su. Tun 28 ga Yunin 2025 Sin ta hana hawa jiragen cikin gida da wanda ba shi da tambarin 3C, Emirates kuma ta hana amfani da shi a cikin jirgi daga 1 ga Oktoban 2025.

Wayar da ke ɗauke da jarin mutum ta cancanci kulle uku: na fuskar waya, na sim, da lambar sirri ta biyu a WhatsApp. Kada a shiga banki da Wi-Fi na filin jirgi. A rubuta IMEI da lambobin mai masauki da na banki a takarda, a ajiye daban da wayar, a bar kwafi a wajen wanda aka amince da shi a gida.

Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye. Duk wannan aikin yini ɗaya ne a Zariya, kuma bai kai kuɗin kwana ɗaya a otal ba. Alhaji da Hajiya, da matashin da zai yi fitarsa ta farko, ranar da biza ta fito ku ware yini guda ku gwada waya, ku kira kamfanin layi, ku leƙa banki, ku sauke manhajojin ƙasar da za ku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku da kasuwa mai albarka.