In Injin Jirgi Ya Mutu A Tsakiyar Ruwa

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya bazu ya zama tafki, manoma da yawa na ƙasar Yawuri da Borgu ba su da hanyar kai albasa da shinkafa kasuwa wadda ta fi jirgi mai inji. Wanda injinsa ya mutu ran kasuwa ya yi hasarar ciniki. In kuwa hadari ya taso masa yana nesa da gaɓa, abin ya wuce maganar ciniki. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, mai ne kaɗai ba ya isa gare shi.

Ga yadda za ka gane. Injin da hanyar mansa ta toshe ya kan tashi, ya yi aiki a hankali, amma da ka ƙara masa wuta sai ya yi tari, ƙarfinsa ya ragu, kana ya mutu. Wanda ya ɗauke farat ɗaya, ba tari, galibi laifin wuta ne, watau fulogi ko waya. Wannan magana ce dabam.

Kafin ka taɓa kome, saki anga, ko ku tuƙa da filafili zuwa gaɓa. A kashe taba duka, gama tururin fetur ya fi iska nauyi, a cikin ƙasan jirgi ya ke taruwa.

To, mai lambu in ya ga ruwa bai kai fangali ba, ba ya tone albasarsa. Magudana ya ke bi tun daga gindin jigo har ya tarar da inda ta cushe. Kai ma haka za ka yi: fara daga tanki. Masu jirgi da yawa kafireta su ke fara kwancewa, ƙananan sukurori su faɗa ruwa, alhali laifin yana ga murfin tanki. A kan murfin akwai ɗan sukuru na shan iska. In yana rufe, mai ba ya fita, kamar yadda ruwa ba ya zuba sosai daga gora mai ƙaramin baki. Sassauta shi. In ka ji iska ta shiga, fuu, ka sami ɓarawon.

Sa'an nan duba robar nan mai kamar ƙwai da ke tsakiyar tiyo, wadda a ke matsawa da hannu. Ita ce babbar mai ba da shaida. Akwai kibiya a jikinta, lalle bakin kibiyar ya dubi inji. Ɗaga ta, kibiya tana duban sama, ka matsa. In ka same ta ta shanye, ta lafe, toshiyar tana wajen tanki: ko murfin, ko 'yar rariyar da ke bakin bututu a cikin tanki, wadda tsatsa ta kan like. In ka yi ta matsawa ba ta yi tauri ba, iska ce ke shiga ta wata tsaga, ko ta mahaɗin da bai kama ba, ko kuwa robar ce ta mutu. Yanke bakin tiyon da ya tsage, ka mayar, ka ɗaure tam. In kuwa ta yi tauri amma inji bai daina tari ba, laifin yana gaba, cikin inji.

Buɗe murfin inji, ka kwance ɗan kofin filta, ka juye abin da ke ciki a kwalba mai haske. Dakata kaɗan. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, da yashi ko baƙin gari. Wanke filtar da fetur mai tsabta, ka mai da ita tare da zobenta na roba. A gindin kafireta akwai sukurun zubarwa. Sassauta shi, ka tara tsumma, ka matsa robar har mai mai kyau ya fito.

Sai duk wannan ya kāsa za ka buɗe kafireta, a kan tudu, bisa farin zane. Man da ya daɗe a ciki ya kan zama danƙo ya toshe ƙofar da mai ke bi, wadda ba ta fi kafar allura girma ba. Wanke ta da fetur, ka hura mata iska da famfon keke. Kada ka zura allura ko waya: tagulla ce, mai taushi, in ƙofar ta faɗaɗa inji zai riƙa shan mai fiye da ƙima. Kada kuma ka zuƙi tiyo da baki. Fetur kaɗan in ya shiga huhu ya isa ya kwantar da ƙato.

Akwai wata alama guda. In inji ya kan farfaɗo duk sa'ad da aka matsa robar, ya mutu in an bari, famfon mai ne ya gaji. Sa yaro ya riƙa matsawa a hankali har ku kai gaɓa, sa'an nan a nemi makaniki.

Ku dagatai da masu unguwa, ku yi magana da sarakunan jirgi na mashigarku. A riƙa tace mai da mazurari da ƙyalle mai tsabta, a bar ɗan na ƙasan jarka kada a juye shi cikin tanki, a rufe jarkoki da damina. Kowane jirgin da ke ɗaukar mutane kada ya bar gaɓa sai da filafili biyu, da sukuddireba, da kwalba, da guntun tiyo sabo.