Tulin rassa a harabar gida: a sayi injin daddatsawa mai araha ko a ɗauko na haya?

A Abuja iska ce ke riga ruwa isowa. Daga ƙarshen Maris zuwa watan Mayu, duk mai dogon yaro, mangwaro ko malaina a harabar gidansa a Gwarinpa, Kubwa ko Karu ya san abin da gari kan waye da shi bayan guguwar dare: tulin rassa a bakin ƙofa, wani reshen a kan katanga, wani ya rataye a wayar wuta. Masu kwasar shara kuwa kwandon gida suka zo ɗauka, babu ruwansu da rabin bishiya.

A da, ma'aikacin da ke zaune a gidan gwamnati bai cika ɗaukar wannan a matsayin damuwarsa ba, domin gidan na hukuma ne. Tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi da gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da shi a 2003, da sayar da gidajen gwamnatin tarayya da aka soma a 2005 lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i ke ministan babban birnin, sun sauya lissafin. Gida ya zama na ma'aikaci, haka bishiyoyin da ke cikinsa, waɗanda yanzu da yawansu sun zarce rufin tsawo. Hanyar da aka saba bi ita ce ashana. Sai dai tun 2011 hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin da suka taƙaita ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, kuma ko babu doka, hayaƙin ɗanyen ganye a rukunin gidajen da katanga ke jingine da katanga ya isa ya ɓata maƙwabtaka.

A nan ne tallan injin daddatsa rassa ke jan hankali. A bidiyo, reshe na shiga ta sama, ɓarɓashi na zubowa ta ƙasa, tsakar gida ta koma fes. Abin da tallan ba ya tsayawa a kai shi ne iyakar injin. Masu arahar galibi na lantarki ne, ƙarfinsu tsakanin wat 2,400 zuwa 2,800, kuma kaurin reshen da suke iya ci bai wuce milimita 40 zuwa 45 ba, wato kamar ƙotar fartanya. Wannan adadin ma na miƙaƙƙen reshe ne ɗanye. Busasshen dogon yaro mai gaɓa yana dakushe wuƙar da wuri, jiƙaƙƙen ganyen mangwaro yana cushe maƙogwaron injin, ganyen kwakwa da na ayaba kuwa zarensu naɗewa yake yi a jikin wuƙa har sai an kashe an kwance. Iri biyu ne a kasuwa: mai wuƙa, wanda ke da sauri da ƙara mai tsanani, da mai haƙoran da ke jan reshe a hankali yana murƙushewa, wanda ya fi shiru amma ba ya shiri da ganye.

Kuɗin wutar ba shi ne matsala ba. Injin wat 2,500 da ya yi aikin awa biyu ya sha yunit biyar ke nan. Ko a kan farashin rukunin Band A, wanda aka kai naira 225 a watan Afrilun 2024, abin bai wuce naira dubu ɗaya da 'yan kai ba. Matsalar ita ce samun wutar a ranar Asabar ɗin da ma'aikaci ke da sarari. Ƙaramin janareton da ke ɗaukar fanka da talabijin ba zai ko motsa shi ba, kuma matsakaici ma kan durƙusa a lokacin tayarwa, saboda a wannan daƙiƙar injin na jan wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa.

Akwai wani tarkon da ya fi kama masu tafiye-tafiyen aiki, musamman hadiman da ke raka manya ƙasashen waje su ga kaya da rahusa. Injin da aka ƙera domin kasuwar Amurka na aiki ne da bolt 120, alhali wutar Najeriya bolt 230 ce. Jona shi kai tsaye ƙona shi ne, taransifomar da za ta ɗauki nauyinsa kuma na iya cinye rahusar da aka yi murna da ita. Na Ingila da na Turai sun dace da wutarmu. Duk da haka, wuƙa abar ci ce, tana buƙatar wasawa ko sauyi, kuma injin da ba a san mai sayar da kayan gyaransa ba, ranar da wuƙarsa ta karye ranar ya zama kayan ajiya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin 460 ta haura 1,500 a 2024, kowane ƙaramin ƙarfe da za a yi odarsa daga waje ya bi sahu.

A Amurka, inda wannan muhawara ta fi zafi, magidanci na zuwa kanti irin su Home Depot ya ɗauko injin fetur na awa huɗu ko na yini, ya ja shi da motarsa, ya gama ya mayar. Haya a nan ta sha bamban. Kamar injin kwaɓa siminti ko injin yankan itace, na'ura da mai ita suke zuwa tare, a yi jinga a kan aikin. Wannan ya fi tsada a kowane zuwa, ga fetur da ya haura naira 1,000 a lita a Abuja a ƙarshen 2024, amma yana ɗauke wa maigida gyara, ajiya da haɗari. Injin fetur mai ƙarfin doki shida da rabi ko bakwai yana cin reshe mai kaurin milimita 75, kuma ba ya jiran AEDC.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a taɓa albashi mai sauƙi ne. A raba kuɗin injin da kuɗin jinga ɗaya. Idan amsar goma ce, kuma sau biyu ake babban sassabe a shekara, kafin damina da bayanta, to sai an shekara biyar injin zai fanshi kansa, in ya yi tsawon rai. Ga ma'aikacin da ya mallaki gidansa kuma yake da shingen furanni da ake aski kowane wata, wannan na iya zama ciniki mai kyau, domin ƙananan rassa su ne ainihin abincin ƙaramin inji. Ga ɗan haya, ko wanda takardar sauyin wurin aiki ka iya riskarsa a kowane lokaci, ko hadimin da muƙaminsa ke ƙarewa da wa'adin maigidansa, shekara biyar dogon zance ne.

Sannan akwai abin da masu kwaikwayon lissafin Amurka ke mantawa. A nan reshe mai kauri ba shara ba ne, itacen girki ne. Masu tsire, masu tuyar ƙosai da matan da ke sana'ar itace a ƙauyukan da ke kewaye da birnin za su kwashe shi da murna, wani lokaci har da ɗan abin goro ga maigida. Daddatsa irin wannan itace asara ce, kashe kuɗin fetur a lalata abin da ke da mai so. Abin da ke saura bayan an ware na girki shi ne tsiraran rassa da ganye, kuma rabin wannan rami ɗaya a bayan gida ya ishe shi ya zama taki kafin wata daminar.

Inda saye ya fi ma'ana shi ne a matakin ƙungiyar mazauna rukuni, wadda dama ke karɓar kuɗin tsaro da na shara. Inji ɗaya mai ƙwari na fetur, a hannun mai kula da lambu guda da aka koya wa aikin, zai yi wa gidaje hamsin abin da ƙananan injuna hamsin ba za su yi ba. Batun mutum guda ɗin ba ƙarami ba ne. Wannan na'ura ce da ke fizgar abin da ta kama. Ba a tunkararta da babbar riga ko mayafi, ba a tura reshe da hannu idan ya maƙale, ba a barin yara kusa, kuma tabarau da abin toshe kunne wajibi ne. Bai dace a miƙa ta ga maigadi ko yaron gida don kawai shi ne ke nan ba.

Ɓarɓashin da ya fito yana da amfani idan an shimfiɗa shi a gindin bishiya ko furanni, domin yana riƙe laima a watannin hunturu da bazara, lokacin da ake sayen ruwan tanka. A saman ƙasa ake barinsa. Idan aka cuɗa shi da ƙasa yana ɗanye, yakan janye sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata har ya gama ruɓewa. A kuma nisanta shi da jikin gini da ƙofofin katako, saboda gara.