Motar Da Ke Shan Mai Fiye Da Kima

 Yau gareji za mu leƙa. Kada ki ce wannan zancen maza ne. Mata nawa ne suka haɗa kuɗin gado da na adashi suka sayi tsohuwar Golf suka ba ɗa ko ƙane yana jigila daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa? Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, duk litar da mota ta sha a banza daga balas ɗinki take fita.

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi ɗaya, in an auna da nauyi. Idan fetur ya rinjayi iska, ba ya ƙonewa duka. Sai ki ga baƙin hayaƙi a salansa, warin ɗanyen fetur ya cika wuri, mota tana karkarwa a silo, kuma in ta yi zafi aka kashe ta sai ta yi gardamar tashi. Ki lura da launin hayaƙin. Baƙi shi ne na fetur. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan wata cuta ce daban. Farin tururin da ke fita da asuba lokacin hunturu ya ɗauke bayan 'yan mintoci, ba komai ba ne.

Kafin ki zargi direba da cin amana, a cika tanki fal, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa a ga lita nawa ya ci. Sannan a kwance fulogi. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne. In ya yi baƙi da busasshen kunkunniya kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa. In duka huɗun ne suka yi baƙi, abin da ke ba da umarni ne ya rikice. In guda ɗaya ne, a nemi laifin a nozul ko wayar fulogin wannan silindar.

Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, yawancinta injekta ce. Wata 'yar kwamfuta da makanikai ke kira burenbos ita ke yanke yawan fetur, kuma ita makauniya ce, abin da sensa ta gaya mata shi take bi. Babbar mai kai mata rahoto ita ce sensar zafin ruwan inji. Injin da ke da sanyi yana bukatar ƙarin fetur, kamar yadda danyen itace ke cin kananzir kafin ya kama. Idan sensar ta mutu, ko wayarta ta yi tsatsa, sai burenbos ta zaci har yanzu asuba ce, ta yi ta ɗura fetur tun daga Bebeji har dajin Falgore. Gwajinta ba wuya ga mai mita: irin ta Bosch tana nuna kusan om 2,500 a zafin digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80. In lambar ba ta sauka, a canja ta.

To, ga inda nake da ja da makanikanmu. Da mota ta shigo daga Kwatano, abu na farko sai a cire tamostat a yar, a haɗa fanka kai tsaye, wai kayan ƙasar sanyi ne. Alhali aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafinsa, wajen digiri 90, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. In babu shi, inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, balle da sanyin safiyar Doguwa. A nan sensa gaskiya take faɗa, mu ne muka hana injin zafi. Ki dubi allurar zafi bayan tafiyar minti ashirin. In tana kwance a ƙasa, ki tambayi ina tamostat ɗinki.

Akwai kuma sensar da ke jikin salansa, mai shinshinar hayaƙi ta gaya wa burenbos ko haɗin ya yi daidai. Sau da yawa wurin cire abin nan da ake kira indomi ake tsinke wayarta. Ko da lafiyarta ƙalau, in bututun ya tsage a gabanta iska za ta shiga, ta kai rahoton fetur ya yi kaɗan, a ƙara. Matatar iska kuwa, da ƙurar hanyoyin Kiru, ita ya kamata a fara buɗewa don ta fi komai araha. A motoci masu nozul huɗu, a zare siririn tiyon da ke kan abin daidaita ƙarfin fetur. In an ga fetur a ciki, robarsa ta fashe.

Wani zai ce miki, "Hajiya, a mayar da ita kafireto kawai a huta." Ki ce masa, "Malam, an gwada sensa? Tamostat yana nan?" Sauyin nan kuɗi ne masu yawa, kuma ba lallai shan man ya ragu ba.

Kada a yi ta jan motar a haka. Rarar fetur tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka na ƙasa, ringi ya cinye. Ki sa a zaro gejin baƙin mai ki shinshina, in yana warin fetur a juye shi da zarar an gama gyara. Hayaƙin irin wannan mota kuma cike yake da iskar guba marar wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri da barci, har ta yi kisa. Tsohuwar mota mai hujajjen salansa tana iya shigar da ita kujerar baya, inda yara ke zama. In yaro ya yi lamo ko ya fara amai a hanya, a tsaya a fito da shi ya sha iska, kuma kada a bar motar tana aiki a cikin rufaffen gareji ko zaure.